A daina mayar da mutumin ƙauye wawa a wasannin faɗakarwa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'ya'yanmu masu shirya fim da wasan kwaikwayo na rediyo, da kuma ƙungiyoyin da ke ba su kuɗi don faɗakar da jama'a. Ni unguwarzoma ce. Shekara talatin da biyar na yi ina karɓar haihuwa a asibitocin ƙasar Zazzau kafin in ajiye aiki. Ban karanci wasan kwaikwayo a makaranta ba. Abin da zan faɗa a ɗakin haihuwa na koye shi, da kuma a gindin wata tsamiya inda na ji kunyar da har yau ban manta ba.

Abin da ya taso da maganar shi ne wani gajeren fim kan zuwa awon ciki da jikata ta nuna mini a wayarta makon jiya. An kashe masa kuɗi, hoto tangaran, murya raɗau. Amma mijin da ke ciki shi ne dai wanda na saba gani shekara da shekaru: hula a karkace, goro ya rine baki, yana magana kamar wanda bai taɓa shiga mutane ba, matarsa tana murƙususu shi kuwa yana neman tuwonsa. Can sai ga malamar asibiti fes cikin fararen kaya, ta wanke shi tas, ya durƙusa yana cewa ya tuba. Jikata ta yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na san mijin nan. Da hannuna na taɓa rubuta shi.

Wajen shekara goma sha biyar ke nan, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a hanyar Soba, sai wata ƙungiya ta kawo shirin rage mutuwar mata wurin haihuwa. Aka ce mu haɗa wasan kwaikwayo mu zaga ƙauyuka da shi. A lokacin zuciyata a cike take. A rani ɗaya an kawo mini 'yan mata uku, kowacce ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida. Ga wanda bai sani ba, idan naƙuda ta yi tsawo kan jariri ya tokare a ƙugu, yakan danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai, uwar kuma ta koma gida tana zuba dare da rana, a ware mata kwano, a ware mata tabarma, wata ma a aiko mata da takardar saki. Ana ɗinke shi, kuma da yawa suna warkewa. A nan Zariya ma akwai sashen da ke wannan aiki a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Amma wanda ya taɓa ganin yarinya 'yar shekara goma sha shida zaune a kan tsumma tana ɓoye fuska ba zai so a kai ga ɗinkin ba.

Da wannan haushin na zauna na rubuta wasan, kuma kaf laifin na ɗora shi a kan miji.

Ranar da muka kai shi ƙauyen farko, bayan la'asar ne, a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidan mai unguwa. Maza a kan tabarmi a gaba, yara sun yi da'ira, mata suna leƙe ta bayan zana. Maigadin asibitinmu ne ya fito a mijin, kuma ya iya abinsa, yara har da faɗuwa don dariya. Ni ina gefe ina jin daɗi, sai na lura dattawa ba sa ko murmushi. Ana tsakiyar wasa ladanin garin ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa ya tashi, mutum biyar ko shida suka bi bayansa. Da aka gama mai unguwa ya yi mana godiya ta fatar baki, muka ƙirga kawuna muka rubuta a rahoto, muka hau mota. Ƙungiya ta yaba da rahoton. A ɗakin haihuwa kuwa babu abin da ya sauya.

Bayan 'yan kwanaki ina dafa almakashi da sauran kayan aiki, sai ga tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garin, wadda kowa ke ce wa Iya. Ta zauna a benci, muka gaisa, ta tambayi gida da yara, sannan ta ce, “'Yar nan, wasanku ya yi kyau, amma ba garinmu kuka yi ba.”

Na ce, “Iya, kamar yaya?”

Ta ce in tuna yarinyar da aka kawo mini watan da ya wuce. Mijinta ba ya ma gari, yana Legas cin rani. Naƙuda ta kama ta da magariba, haihuwar fari ce, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ta ciji zane ta yi shiru har asuba. Da uwar miji ta gane, sai ta ce ita ba ta isa ta fitar da matar ɗanta daga gida ba tare da izininsa ba. Aka nemi wayarsa ba ta shiga. Ƙanen mijin ya ce shi yaro ne, ba zai yanke wannan hukunci ba. Akwai masara a rumbu, akwai tunkiya a turke, amma babu mai ikon buɗe rumbun ko kwance tunkiyar sai maigida. Mai mota ɗaya da ke garin ya ce sai an ba shi kuɗi a hannu. A haka aka ƙara kwana. Shi kuwa mijin, da labari ya same shi, a mota ya kwana, ya iso yana kuka kamar ƙaramin yaro. Iya ta dube ni ta ce, “Shi ne kuka sa wa hula a karkace. Ladanin da ya tashi, kawunsa ne.”

Ban sami abin cewa ba. Ita kuma ba ta gama ba. Ta ce, “Sannan ba ki sa kanki a wasan ba. Matan garinmu suna tsoron bakinku fiye da naƙuda. Mace ta zo awo ku yi mata tsawa a gaban mutane don ba ta zo da safar hannu ba, ko ku ce wa ya aike ta haihuwa ta tara. Kina tsammanin za ta dawo?” Gaskiya ta faɗa. Na yi wannan tsawar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Gajiya ce da ƙarancin ma'aikata, amma wadda aka yi wa tsawar ba gajiyata ta gani ba.

Na kai kukana wurin ɗan wata ƙawata da ya karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, “Mama, ai wannan ramin an faɗa shi a Samaru tun kafin a haife ni, kuma an fito.” Shi ya ba ni labarin yadda tun daga tsakiyar shekarun 1970 malamai irin su Michael Etherton da Salihu Bappa, daga baya kuma Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai daga wannan dandalin wasa na jar ƙasa da ke cikin jami'a zuwa Samaru da Soba da Maska da Bomo. Da farko sukan je su tattaro matsalolin mutane, su dawo makaranta su haɗa wasa, su kai musu. Sannu a hankali suka gane wasan da aka dafa a wani wuri aka kawo wa mutum kallo kawai yake yi ya watse. Sai suka koma zama da mutanen gari, a haɗa labarin tare, 'yan garin su fito a ciki. Ya kuma gaya mini dabarar wani ɗan Brazil, Augusto Boal, ta tsayar da wasa a daidai inda abu ya cakuɗe, a ce wa 'yan kallo su shigo su warware.

Haka muka yi. Mako uku ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Shi yana zama a teburin mai shayi da tasha da wurin wanzami, ni ina shiga gidaje da bakin rijiya tare da Iya. Na ji abubuwan da shekara ashirin ina aiki ban taɓa ji ba, don ban taɓa tambaya ba. Na ji yadda ake ɗaukar jijjiga a matsayin bugun iska, a tafi neman hayaƙi alhali hawan jini ne na mai ciki. Na ji yadda mace ke ɓoye kumburin ƙafa da fuska don kada a ce raki gare ta.

A sabon wasan, mijin mutumin kirki ne. An nuna shi yana sallama da matarsa, yana ba ta kuɗin cefane, yana cewa in Allah ya sauke ta lafiya zai dawo da ragon suna. Samarin garin ne suka fito, ɗaya ya yafa mayafi ya zama uwar miji. Ni kuma aka ce in fito a kaina, in yi tsawar nan yadda na saba. Na yi. Daga bayan zana na ji mata sun kwashe da dariya suna tafawa, wata tana cewa, “Wallahi haka take yi!” Wannan dariyar ta yi mini zafi, kuma ita ta gyara mini baki har na bar aiki.

Da aka zo inda dare ya raba, yarinya tana nishi a ɗaki, uwar miji ta fito ƙofar zaure da fitila a hannu ta rasa gaba ta rasa baya, sai ɗan ƙawar tawa ya tafa hannu ya tsayar da wasa. Ya ce, “Iyayena, ga ta nan tsaye. Ɗanta yana Legas. Me za ta yi?”

Wurin ya yi tsit, har kukan tantabaru ana ji. Wanda ya fara magana shi ne ladanin nan. Ya ce a abin da ya karanta, larura takan halatta abin da aka hana, kuma ba a jiran izini a kan ceton rai. Wani magidanci ya ce haka ne, amma gobe in ɗan ya dawo ya ce wa ya sayar masa da tunkiya fa? Sai mai motar ya miƙe, ransa a ɓace. Ya ce, “Kowa yana cewa na cika son kuɗi. Wa zai zuba mini mai? Wa zai wanke jinin da ke kujera? In ta cika a motata, wa zai tsaya mini a wurin 'yan sanda?” Babu wanda ya taɓa tambayarsa, shi ma bai taɓa samun inda zai faɗa ba. Wata mata ta aiko yaro daga bayan zana ya ce a gaya wa maza, su ba asibiti suke ƙi ba, a dai ba su izinin tun kafin a tafi. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira magariba, aka yi salla aka dawo aka ci gaba. Wasan bai ƙarasu ba ranar, kuma ba a taɓa ƙarasa shi ba.

Abin da suka tsayar, su da kansu, shi ne duk mai tafiya cin rani da ya bar mace da ciki zai furta izini a gaban liman da shaidu biyu, ya kuma ambaci abin da za a sayar in ta kama. Da kaka kowane gida zai ba da tiya ɗaya ta masara, a sayar a ajiye kuɗin a hannun mai unguwa don man mota. Mai unguwa ya yi wa direba alkawarin duk daren da ya ɗauki mai naƙuda, wani dattijo zai shiga motar ya zama shaida. Aka rubuta lambar wayarsa da fenti a bangon shagon mai shayi.

Watanni bayan haka, wajen ƙarfe biyun dare, na ji tsayuwar a-kori-kura a ƙofar asibiti. Yarinya ce tana jijjiga, an shimfiɗa ta a kan katifa a baya. Uwar mijinta ce ta fara dirowa, ko sallama ba ta yi ba ta ce, “Malama, ɗana ya bar izini.” Muka yi mata allurar magnesiyam salfet, jijjigar ta lafa, muka wuce da ita Zariya a wannan motar. Ta rayu, ɗanta ya rayu. An aiko mini da goron suna.

Kada a ɗauka ina cewa wasa yana maganin komai. Akwai daren da aka kawo mini mace a kan lokaci tana zubar da jini, na yi aiki da tocila a baki saboda babu wuta, aka kai ta gaba aka tarar babu jinin da za a ƙara mata. Mutanen garin sun cika nasu alkawarin, mu ne ba mu cika namu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Wanda zai shirya fim a kan wannan ya nuna miji da uwar miji kaɗai, ya bar asibitin da babu jini da hanyar da ruwa ya cinye, rabin gaskiya ya faɗa, kuma rabin da ba zai ɓata wa mai ba shi kuɗi rai ba ya zaɓa.

Wannan salo na mai wayo da wawa ya daɗe. Ina yarinya a cikin birni na ga majigi, motar gwamnati ta zo ta kafa farin ƙyalle, mai sharhi yana bayani da lasifika. Tun zamanin Turawa, da aka kafa sashen finafinan mulkin mallaka a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda jami'in lafiya ne a Najeriya, yawancin labaran a kan mutum biyu ake gina su: ɗaya ya bi maganar malamin gona ko malamin tsafta ya ci riba, ɗaya ya ƙi ya tagayyara. Baturen da ya tsara haka yana ganin ba za mu fahimci abin da ya fi wannan zurfi ba. Abin da ke damuna shi ne Bature ya tafi, mu kuma muna yi wa iyayenmu na ƙauye irin kallon da ya yi mana.

Alhali mu Zazzagawa ba mu da uzuri. A garin nan Baturen nan Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, har unguwa guda ta ci sunan kamfanin Gaskiya. Mahaifina yakan karanta ta da ƙarfi a zaure, waɗanda ba su yi boko ba suna saurare suna musu da abin da aka rubuta. A Magana Jari Ce, da aku ya so ya hana ɗan sarki fita ya faɗa tarkon waziri, bai yi masa tsawa ba, labari ya yi ta ba shi har gari ya waye. Marigayi Ƙasimu Yero, ɗan garin nan, ya sa Arewa dariya shekara da shekaru a talabijin, kuma mutane kansu suke gani a wasanninsa. Tun kafin su duka muna da tashe. Daga goma ga azumi yara kan zaga gidaje da Mairama da Daudu da Jatau mai magani, su kwaikwayi malam su kwaikwayi boka, malamin yana zaune yana dariya har ya ba da sadaka. A fada kuma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansa, ya ga halinsa da idonsa. Ana ba'a a duk waɗannan, amma ba'ar 'yan gida ce, mai yi da wanda ake yi wa tuwo ɗaya suke ci.

Na san kyamara tana iya girgiza gwamnati. A 2018 da BBC ta fitar da bincikenta kan maganin tari mai kodin, washegari Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Amma izinin fita da mace cikin dare ba a Abuja ake sa masa hannu ba, a zaure ake yanke shi. Mu da muka yi aikin rigakafin shan inna mun gani. Bayan da aka ƙaurace wa rigakafin a wasu jihohin Arewa a 2003, tallan rediyo bai buɗe mana ƙofofi shi kaɗai ba. Sarakuna da malamai sun shigo, sannan waɗanda cutar ta naƙasa suka riƙa bin mu gida-gida a kan kekunansu. Magidancin da ya kore ni jiya, yau sai ya ga mutum a ƙofarsa yana ba shi labarin yadda ya kwanta da zazzaɓi yana ɗan shekara uku ya tashi ƙafa ba ta ɗaukarsa. Sai ka ga ya shiga ya fito da yaran da kansa. Da irin wannan aka kai ga watan Agustan 2020, da aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka.

Yau kusan kowace matar aure a unguwarmu tana sauraron littafi ko kallon fim mai dogon zango a waya, tana tuƙa tuwo tana bin labari. Abin da majigi bai taɓa samu ba, na shiga har uwar ɗaka, ku kun samu. Don haka roƙona ga ƙungiyoyi masu ba da kuɗi shi ne, a cikin kasafin kowane fim a ware kuɗin makonnin da marubuci zai je ya zauna da mutanen da zai rubuta, kuma a daina auna nasara da yawan kawunan da aka ƙirga. Ga 'ya'yana marubuta da daraktoci kuma, kafin ku sa wa mijin nan hula a karkace, ku nemo shi ku tambaye shi ina yake a daren, me ke aljihunsa, wa ya kira bai samu ba. Ku sa malamar asibiti da tsawarta, ku sa direba da tsoronsa.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka turo wakilanka ƙananan asibitocin karkara ranar awo. Mata kan zauna a benci tun hantsi har azahar suna jiran layi, kuma babu abin da ba sa faɗa wa juna a wurin. In wani matashi mai shirya fim yana son wanda zai raka shi, ƙafata tana ɗaukata har yanzu, kuma ƙauyukan hanyar Soba sun san fuskata. Iya ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙanta da rahama, amma 'yarta ta gaji aikin, ita ma tana da abin faɗa.

Wassalam.

Daga wata unguwarzoma mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.